Mai Kwana A Ɗaki Shi Ake Tambaya

Ni manomin tattasai ne a bakin gulbin Komadugu, gabas da garin Diffa. Ban yi lakkol ina yaro ba. Karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci na same su, da gemuna. Yau ina so mu ajiye zancen taki da tsutsa, mu taɓa zancen jirgin ruwa, da irin ɗakin da ya kamata mutum ya zaɓa idan tafiya ta kama shi bisa teku. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Diffa da teku, shi da ko Yamai sai ya ci kilomita 1,360 kafin ya gan ta. To, a yi haƙuri a karanta. Sau biyu na tsaya gaban wannan zaɓi, shekara 37 tsakani. A na farko na yi kuskure. A na biyu saura ƙiris in maimaita shi.

Mu mutanen bakin gulbi ba baƙin jirgi ba ne. Kowace shekara ruwan Komadugu yana iso mana da damina, daga gulbin Haɗeja da na Jama'are, ya bi iyakarmu da Najeriya har ya faɗa Tafkin Cadi wajen Boso. Idan ya cika, ba mai ƙetarewa sai da kwale-kwale. Kafin fitinar da ta faɗa wa Boso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, da yawa daga cikinmu sun sha shiga manyan jiragen katako masu inji zuwa tsibiran tafki, neman kifi ko fatauci. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya san abin da matuƙi ke yi. Samari yakan tura su goshi da baya. Tsofaffi da masu goyo kuwa tsakiya yake zaunar da su, ƙasa-ƙasa bisa buhuna, domin nan ne jirgi ba ya yawan motsi. Yaron bakin gulbi ma ya san wannan. Ni kuwa ranar da na fi bukatar wannan sani, ranar na manta da shi.

A shekarar 1988 tattasai ya yi mini kyau. Da na sayar, sai na cika alkawarin da na yi wa Inna na kai ta Makka. Kuɗin jirgin sama na mutum biyu ya fi ƙarfina, saboda haka muka bi hanyar ƙasa, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna. Mu goma sha ɗaya muka tashi. Muka ƙetara zuwa Damasak, muka bi Maiduguri da Gamboru, muka shiga Injamena. Daga nan sai bisa kamyo zuwa Abashe da Adire, muka shiga Sudan ta Jinena har Niyala. A Niyala muka yi kwanaki muna jiran jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso garin tun 1959. Shi ya kai mu Hartum, wani kuma ya kai mu Bur Sudan, bakin Bahar Maliya. Lokacin bazara ce. Zafin Diffa kun san shi, amma namu busasshe ne. Na bakin wannan teku jiƙaƙƙe ne, mutum yana zaune gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa.

Tsakanin Bur Sudan da Jidda kusan kilomita 300 ne na ruwa, tafiyar dare guda da ɗoriya. Da muka je sayen tike aka ce wuri iri uku ne. Akwai filin jirgi, inda kowa ke shimfiɗa tabarmarsa a sarari, shi ne mafi araha. Akwai ɗakunan ƙasa masu gado huɗu. Akwai ɗakunan sama masu gado biyu da taga, su ne na masu hali. Abokan tafiyata duk suka sayi na fili. Ni kuwa sai zuciya ta ce mini: kai ne ɗan fari, za ka kwantar da mahaifiyarka a fili cikin taron mutane, a koma gida ana faɗi? Na sama ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na kwance lalita na biya na ƙasa, mutum biyu. Ban tambayi mai tike ina ɗakin yake a cikin jirgi ba. Ban tambaye shi ko yana da taga ba. Babban kuskuren kuma, ban tambayi Inna ba. Na dawo ina taƙama na ce mata na sama mata ɗaki.

Da magariba muka shiga. Aka nuna mana matakalar ƙarfe mai tsaye, muka sauka ɗaya, muka sauka biyu, muka sauka uku. Inna tana fama da ciwon gwiwa, kowane taki sai ta tsaya ta dafa ni. Ɗakin yana can baya, bango guda tsakaninsa da inji. Ba taga, fankar da ke ciki ba ta juyawa, ga warin gazuwal. Gadaje biyu a ƙasa, biyu a bisa, kuma mun tarar wasu fatake maza biyu sun riga sun kama na ƙasan. Da ƙyar ɗayansu ya bar wa Inna nasa. Ta zauna a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce: "Kai, wannan ɗaki ne ko rumbu?"

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kun san al'ada da ɗan fari. "Kai" take ce mini. Amma wannan "kai" ɗin na ji shi har cikin ƙashina.

Da jirgi ya fita daga tasha ya shiga babban ruwa, sai ɗaki ya fara tashi yana sauka. Kafin lisha Inna ta fara amai. Na ba ta ruwa, ta mayar. Ta tambaye ni ina gabas take, na rasa amsa, domin a ramin nan ba sama ba tauraro. Tsakar dare na ga numfashinta ya canza, jikinta ya saki. Ta kama hannuna ta ce: "Fitar da ni in ga sama." Na goya ta a baya kamar yadda ta goya ni, na hau matakala uku ɗin nan ina addu'a kada ƙafata ta zame.

A fili muka tarar da abokan tafiyarmu a tsakiyar jirgi, suna barci cikin iska. Matan da ke wurin, wasu daga Damagaram, wasu daga Katsina, wasu daga Wadai, suka matsa suka ba ta wuri. Wata ta jiƙa zane ta shafa mata a fuska, wata ta ba ta lemun tsami ta tsotsa. Ba a daɗe ba barci ya ɗauke ta. Da asuba ta tashi ta yi salla a zaune, ta dubi ruwa, sannan ta dube ni ta ce: "Da ka tambaye ni da na faɗa maka. Shekara sittin ina kwana a tsakar gida da bazara. Iska nake so." Daga wannan ba ta ƙara tada zancen ba har Allah ya karɓi ranta.

Kuɗin da na zuba a wannan ɗaki, wanda ba mu yi rabin dare a cikinsa ba, shi ne guzurinmu na Madina. Sai da na yi makonni ina dako a Jidda, Inna tana zaune a gidan wasu mutanen ƙasarmu tana jira, kafin na haɗa abin da zai kai mu ziyara. Idan na tuna, na san ba don Inna na sayi ɗakin nan ba. Don idon mutane na saye shi.

Daga baya wani tsohon ma'aikacin jirgi ya bayyana mini dalilin abin da ya same ta. Ya ce jirgi bisa igiyar ruwa kamar sanda ce da aka ɗora bisa turmi, yara biyu suna lilo a kanta. Bakin nan ya tashi, wancan ya sauka, tsakiya kuwa kusan a tsaye take. Haka goshin jirgi da bayansa suka fi motsi. Idan kuma jirgi yana tangaɗi dama da hagu, wanda ke can sama ya fi jin sa, kamar wanda ke bisa ƙololuwar kaya a kamyo. Jiri da amai kuma suna zuwa ne idan ido da kunne suka saɓa. A can cikin kunne akwai abin da ke gaya wa mutum jikinsa na motsi. Idan yana rufe a ɗaki, ido yana ganin bango a tsaye, kunne yana cewa ana tafiya, sai ciki ya birkice. Idan ya fito ya kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, sai su daidaita, ya samu sauƙi. Zafi da warin mai suna ƙara abin. Ke nan duk abin da ke kawo ciwon na tara wa Inna a wuri guda, kuma da kuɗina.

Shekaru suka wuce. Mun ga hana cinikin tattasai a 2015, mun ga buɗe shi a 2017. Mun ga ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022, wadda ta ci mini gona ta lalata injin ban ruwa. Allah ya sa babban ɗana ya yi karatu, yana aiki a Jidda da iyalinsa. A farkon 2025 ya kira ni da talho ya ce mu zo umra, ni da mahaifiyarsa. Ya ce kuma: "Baba, in kun gama ibada ina so ku huta dare uku bisa jirgin shaƙatawa." Na ce mene ne kuma haka? Ya ce jirgi ne da ba a shigarsa don a kai wani wuri, ana shiga ne don hutu, a ci a sha a kwana a ciki, ya zaga ya dawo da mutum. Sunansa Aroya, na Saudiya ne, ya fara ɗaukar mutane daga Jidda a watan Disamba na 2024. Tsawonsa mita 335, ɗakunansa sun haura 1,600, yana ɗaukar mutum sama da 3,000. Ba giya ba caca a ciki, kuma akwai wurin salla.

Ya ce ɗakunan irin waɗannan jirage kashi huɗu ne. Na ɗaya ɗakin ciki, ba shi da taga ko kaɗan, shi ne mafi araha. Na biyu ɗaki mai taga, ana ganin teku amma tagar ba ta buɗuwa. Na uku ɗaki mai baranda, wanda mutum zai buɗe ƙofa ya fita ya zauna cikin iska. Na huɗu babban ɗaki mai falo, na manyan masu kuɗi. Duka akwai na'urar sanyi da makewayi a ciki. Abincin da ake ci a babban wurin cin abinci ɗaya ne ga mai ɗakin ciki da mai baranda. Ya ce shi mai baranda yake so ya kama mana, a can bene na sama, gaba-gaba, don abokan aikinsa su san bai rage wa iyayensa komai ba.

Da na ji wannan magana sai na ji muryata ta 1988 a bakin ɗana. Na yi masa faɗa. Na ce ya kama mana na ciki mafi araha, ragowar kuɗin ya aiko a gyara inji, tun da barci kawai za a yi a ɗakin. Na kashe talho ina jin na yi hikima. Da dare ina kwance a tsakar gida sai abin ya dawo mini. Wancan karo na yanke wa Inna hukunci don taƙama. Wannan karo ina yanke wa Hajiya hukunci don tsimi. Ita ma tana da ciwon gwiwa, ga hawan jini, kuma ko a mota zuwa Maine-Sorowa jiri take yi. Ita ma ban tambaye ta ba.

Da safe na same ta tana tsintar tattasai a shanya. Na zauna na faɗa mata ɗakunan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, na ce wanne take so. Ta yi shiru, don ba ta saba in tambaye ta irin wannan ba. Sannan ta ce: "Alhaji, abu uku nake so. Ina so in ga wayewar gari da idona, kada asuba ta wuce ni ina cikin duhu. Ba na son hawa da sauka. Kuma ina son jikokina kusa da ni." Na ce to baranda fa? Ta ce: "Yaron nan ɗan shekara huɗu da ke hawa duk abin da ya gani? Ka ba ni baranda bisa teku in kwana ido biyu ina tsaronsa? A bar shi."

Abin da ni da ɗana muka kasa warwarewa da gardama, ta warware shi tana tsintar tattasai. Muka kama ɗaki mai taga, a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, kusa da na'urar da ke hawa da mutane sama, ɗakin su yaran yana gefenmu. Ya fi na ciki tsada, bai kai mai baranda ba. Abin da ya rage ya shiga gyaran inji. A watan Fabrairu muka je. Dare na biyu iska ta taso, na ga wasu sun fito cin abinci fuska a yamutse. Hajiya kuwa ta yi barcinta. Kullum da asuba tana zaune gaban taga da carbi. Ni ma nakan zauna kusa da ita ina duban ruwan nan, shi ne dai wanda na ƙetara da Inna a bayana.

Yanzu ga abin da na koya, ko zai amfani wani, ko jirgin hutu zai shiga ko na ƙetara fasinja.

Na farko, a tambayi wanda zai kwana a ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saurayi mai ƙarfi da zai wuni yana yawo a jirgi, ɗakin ciki ya ishe shi, kuma ya tsira da kuɗinsa. Tsoho, ko mai jiri, ko wanda ƙirjinsa ke ƙuntata a rufaffen wuri, a nema masa taga. Baranda tana da daɗi ga miji da mata da ba su tare da ƙananan yara.

Na biyu, a tambayi inda ɗakin yake. Sunan ɗaki bai isa ba. A ce a nuna taswirar jirgi, a duba tsakiya, a duba bene na ƙasa-ƙasa. A duba abin da ke bisa ɗakin da abin da ke ƙarƙashinsa. Idan wurin kiɗa ne ko madafa, ba barci. Can baya a ƙasa akwai rurin inji, can goshi akwai ƙarar sarƙar anga idan jirgi zai tsaya. Ɗakin da ya fi shiru shi ne wanda ɗakuna ke samansa, ɗakuna ke ƙasansa. Wasu tagogin kuma ƙananan jiragen ceto ne suka tare su, a tambaya tun kafin a biya.

Na uku, a fahimci kuɗin. Yawanci farashin da ake faɗi na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya ƙari. Akwai kuma wani tike mai rahusa wanda kamfani ne zai zaɓa wa mutum ɗaki duk inda ya rage. Mai lafiya yana iya saye. Wanda ke tare da tsoho ya guje shi, domin shi ne irin cinikin da na yi a Bur Sudan. Mai keken guragu kuwa akwai ɗakuna masu faɗin ƙofa dominsa, amma ba su da yawa, sai an nema da wuri. Mai shan magani kullum ya je likita kafin tafiya, ya riƙe maganinsa a jakar hannu.

Na huɗu, kuma shi ya fi duka, a san hanyar fita. A bayan ƙofar kowane ɗaki akwai zanen da ke nuna wurin taruwa idan hatsari ya auku. Da shiga ɗaki a duba shi, a san inda rigar ceto take, a ƙirga ƙofofi daga ɗaki zuwa matakala, don idan wuta ta ɗauke a iya lalube. Bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya ran 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, an sake doka: tun 2015 dole a koya wa fasinja hanyar tsira kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Idan an kira wannan taro kada a ce ɓata lokaci ne. Kuma kowane irin ɗaki mutum ya samu, idan ya ga an cika jirgi fiye da ƙima, ya haƙura da tafiyar. Jirgin Joola na Sanagal ya kife ran 26 ga Satumba 2002 da lodin mutane fiye da ninki uku na abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Gwamnati ta ƙirga mutum 1,863 da suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. A Bahar Maliya ma, a watan Fabrairu na 2006, wani jirgin fasinja daga Duba ta Saudiya zuwa Safaga ta Masar ya nitse da mutum sama da 1,000. Wannan gargaɗi ya shafe mu a nan gida. Idan Komadugu ya cika, ranar kasuwa, kuka ga matuƙi yana ƙara buhu bisa buhu har ruwa ya kusa bakin kwale-kwale, ku jira sawu na biyu.

Na san mafi yawanmu ba za su taɓa shiga jirgin hutu ba. Ni ma ba don ɗana ba da ban san da shi ba. Amma kowannenmu yana da tsoho ko tsohuwa da zai ɗauka wata rana, ko zuwa likita a Damagaram, ko zuwa biki, ko zuwa Makka. Kafin ku biya kuɗin wuri, a mota ne ko a jirgi, ku durƙusa ku tambaye su inda suke so su zauna. Tambayar ba ta cin ko dala.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna ce makomarta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a bakin gulbi da tafki. Amin.

Naku, wani manomin tattasai daga bakin Komadugu, Diffa.